Wa Zai Karanta Littafin Kulu

Ku da kuke bibiyar labarin nan, yau sai kun yi min uzuri, don kaina zan tona wa asiri. Na san a cikinku akwai masu cewa Kulu ta cika ji da kai. Ban musa ba. A makon nan aka sauke min shi, kuma wanda ya sauke min ɗin ko murya bai ɗaga ba.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Kulu, a Funtuwa nake, shekarata ashirin da shida. Ina da difloma a fannin noma, sana'ata kuma busar da tumatir da kuɓewa da tattasai, in ƙulla a leda mai tambarina in tura wa masu saye a Kaduna da Abuja. Mahaifina ya rasu ina 'yar shekara bakwai. Inna, mahaifiyata, ita ce ta riƙe mu, ni da ƙannena uku, da sana'a guda: ta sayi wake da kaka, ta adana, ta fitar da bazara. A unguwarmu in mace ta buɗe buhunta ta tarar ƙwari sun mai da shi gari, jajen da ake yi mata bai wuce "Ai da kin kai wa Inna" ba.

Shekara biyu ke nan ina cika wa mutane kunne da cewa zan rubuta littafin sana'a. Wata huɗu ke nan kuma da Awaisu ya ce yana sona. Malamin gona ne, ɗan Kafur, amma a nan yake aiki, kullum yana kan babur tsakanin ƙauyuka har Maska. Tun kafin ya san ina duniya yake zuwa gidanmu wurin Inna kan maganar ajiyar hatsi.

Ranar Asabar Baffa Zubair, yayan mahaifina, ya aiko in je. Ba mutum ne mai tilas ba, amma ba ya son wasa da mutane.

"Kulu, mutanen Kafur sun aiko sau biyu suna neman ranar da za su kawo gaisuwa. Ba a shanya dattawa a rana. Juma'a in an sauko daga masallaci ina son amsarki. I ko a'a, wadda kika ba ni ita zan kai."

Na ce, "To, Baffa," na taso.

Kada ku ɗauka Awaisu nake gudu. Abin da nake tsoro shi ne littafina ya bi sahun keken ɗinkin ƙawata Aisha Humaira. Tun da aka kai shi ɗakinta cikin kayan aure ya koma wurin ɗora kuloli, ita kuwa da tela ce ta ji da gani. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Shi ya sa na yi wa kaina alkawari ba zan ce i ba sai na ga littafin nan ya tsaya da ƙafafunsa.

Lahadi gaba ɗaya a kan kwamfuta na ƙare ta. Na tsara babi goma sha biyu, da Turanci, irin Turancin nan da ni kaina sai na sake karantawa nake gane abin da na ce. Sunan littafin kaɗai layi biyu ya ci. Bayan azahar na tura masa a waya, na bi shi da saƙo:

"Ga tsarin littafin nan. Ka duba ka faɗa min gaskiya."

'Yan'uwana mata kun san me muke nufi da "ka faɗa min gaskiya." Yabo nake jira, mai yawa, in da hali har da saƙon murya.

Alamar ya buɗe ta fito. Na jira. Na wanke kwanuka, na dawo na duba. Na kwashe tumatir daga shanya, na dawo na duba. Sai wajen la'asar saƙonsa ya shigo:

"Na karanta sau biyu. An sha aiki, Allah ya sa albarka. Tambaya biyu gare ni. Me kike so littafin nan ya yi miki? Kuma wace ce za ta karanta shi? Gobe bayan la'asar zan zo in ji, in Allah ya kai mu."

Na rubuta masa "To." Ita kaɗai, ko ɗan hoton murmushi ban liƙa mata ba, don ya san ya taɓo ni.

Litinin na yi kwalliyar faɗa. Na ɗauko atamfata kore mai zanen ganyen rogo, wadda ban taɓa sa wa kowa ba sai biki, na yi ɗauri mai tsayi, na yafa mayafi ruwan zuma, na zizara kwalli. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na ajiye zoɓo mai sanyi da kofi ɗaya. Zaurenmu a wannan lokaci rabinsa buhunan Inna ne, an jera su kan katako har kusa da rufi, warin busasshen barkono na tashi daga tsakaninsu.

Ya zo da yadinsa ruwan toka, hula a karkace kaɗan saboda iskar hanya, takalminsa duk jar ƙasar Maska. Ya yi sallama, ya zauna can bakin tabarma kamar kullum.

"Ranki ya daɗe, marubuciya."

"Wace marubuciya, bayan an ce ban iya ba?"

"Wa ya ce? Ni tambaya na yi."

"To ga ni. Tambayi."

Ya zaro biro daga aljihun gaba, ya miƙo min tare da wata takarda da ya yago daga littafin aikinsa. "Ke za ki rubuta, ba ni ba. Me kike so littafin ya yi miki? Ke ɗin nan, ba al'umma ba. Ki bar al'umma tukuna."

Na so in yi masa jawabi irin na rediyo, sai na ga yadda ya zuba wa takardar ido yana jira, ba alamar gatse a fuskarsa. Gaskiya ta kuɓuce min.

"Ina so a san ni. In an shirya taron bita a Kaduna a kira ni, in zauna a teburin gaba, a rubuta sunana a takarda a ajiye gabana."

Na jira ya yi dariya. Bai yi ba.

"Buri ne mai kyau, ba abin jin kunya ba ne. Rubuta. Sai me?"

"Masu sayen kayana su ƙaru."

"Rubuta. Sai me?"

"Shi ke nan."

"To, mu bar shi a shi ke nan zuwa anjima. Wace ce mai karantawa?"

"Duk matan Arewa."

"Duka?" Ya kurɓi zoɓo. "Kin ga ni in na tara manoma a gindin bishiya ina bayani, mutum ɗaya nake zaɓa in yi wa magana, wanda ya fi kowa ɗaure fuska. In shi ya gane, saura sun gane. In na ce da kowa nake, kowa sai ya ɗauka da na kusa da shi nake. Wace ce taki? Shekarunta nawa? A ina take zaune sa'ad da take karantawa? Me ke damunta a ranar?"

Na gyara zama na zana masa wata mata: ta yi jami'a, tana da mota, tana da shago a Kaduna, tana karatu a falo ƙarƙashin fanka.

"Allah ya ƙara mata," in ji shi. "Amma wannan matar tana da littattafai goma irin naki a kan kanta. Me za ki faɗa mata da ba ta riga ta ji ba?"

Wallahi maganar ta shige ni.

Ya buɗe wayarsa ya juyo min da ita. "Babi na huɗu, adana amfanin gona. Layi biyar kika ba shi, kuma na gane su, daga takardun makaranta suka fito, ni ma su na haddace. Alhali bayan bangon nan akwai wadda ni da takardata shekara uku nake zuwa ɗaukar darasi a wurinta."

Daga nan ya shiga ba ni labarin uwata kamar wata baƙuwa. Yadda take cizon ƙwayar wake ta saurari ƙararta kafin ta yarda ya bushe. Yadda take zura hannu har gwiwa cikin buhu ta ji ko akwai ɗumi a tsakiya. Yadda ba ta ɗinke wake da zafin rana a jikinsa, sai ya kwana ya huce. Ya ce ranar da ya fara kawo mata buhun nan mai leda biyu a ciki, bai gama bayani ba ta hura ledar ta ɗaure bakinta ta danna da tafin hannu, ta nuna masa wani ɗan huji da shi bai gani ba. Yana magana fuskarsa na haske, hannunsa na kwatanta kowane motsi nata. Ni kuwa da nake kwana ɗaki ɗaya da buhunan nan tun ina firamare, rabin abin da ya faɗa ban sani ba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

"Kin san yadda ta fara?"

Na girgiza kai.

"Shekarar da Baba ya rasu, waken da aka kwaso daga gonarsa shi ne duk abin da ya bar muku. Buhu huɗu. Ta ɗinke su da sauran danshi, don ba wanda ya taɓa faɗa mata. Da bazara ta buɗe ta tarar da gari. Ta ce min ranar ba ta yi kuka ba, don kuna tsaye kuna kallonta."

Na tuna bazarar. Na tuna mun daɗe muna shan koko ba ƙosai, ban taɓa tambayar dalili ba. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata, kwallin da na ɓata lokaci a kansa ya fara bin kumatu.

A nan sai na yi muku bayani, don na san wasu za su ce to ki je ki tambaye ta mana. Ni 'yar fari ce. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "yarinyar nan" ce ni. Ba ta zama hira da ni, ba ta yaba min a gaban ido. In tana da magana da ni, sai ta faɗa wa wani ina wurin, yawanci Mama Abike, maƙwabciyarmu kuma ƙawarta, Bayarabiya haifaffiyar Funtuwa da Hausa ta zauna a bakinta fiye da ni. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da, kuma Inna ta riƙe tata da hannu biyu. Sau ɗaya na gwada cewa, "Inna, yaya ake gane wake ya isa ɗinki?" Tashi ta yi ta shige madafa. Mama Abike kuwa, duk amincinsu, ita ke sayen waken ta tura kudu, Inna kuma ta sha faɗa cewa mai saye ba a nuna masa ƙasan buhu. Mutum ɗaya ne a duniya take buɗe wa sana'arta: malamin gona. Da yake ba a kawo gaisuwa ba tukuna, yi take kamar ba ta san abin da ke kawo shi zaure da la'asar ba. Har yanzu takan tsaya a bakin ƙofa su yi ta musu a kan ajiyar wake a leda ko a durom.

Ina cikin share ido abin ya faɗo min.

"Awaisu, ka san in na ce i ranar Juma'a..."

"Na sani," ya ce, a hankali. "Daga ranar na zama suruki. Ba za ta ƙara tsayawa inda nake ba, ni ma ba zan iya ɗaga ido in yi mata tambaya ba. Tun jiya da na karanta babi na huɗu nake juya abin."

A waje wani mai rake yana ta kiran ciniki.

"Ga abin da na gani," in ji shi. "Zan je wurin Baffa da kaina in roƙi a ɗaga maganar zuwa bayan bazara. In Inna ta yarda, zan riƙa zuwa ina tambayarta ina ɗauka a waya, daga shanya har fitarwa, ke kina rubutawa."

"Dattawanka fa? Sau biyu suna aikowa."

"Za su yi faɗa. Ni za su yi wa."

"In kuma bayan bazarar na ce a'a?"

Ya ɗan yi murmushi. "Zan ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Littafin dai ya samu."

Masu karatu, na ga samari iri-iri. Na ga mai zuwa da motar aro, na ga mai yi min alkawarin buɗe kamfani da sunana tun bai san sunan mahaifina ba. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki abin da ya fi so ya tura shi baya da hannunsa don nawa ya wuce gaba ba. A wannan zama na san ina son mutumin nan, so na gaske, kuma na ji kunyar "To" ɗin da na tura masa.

Na ce ya ba ni zuwa gobe kafin ya je wurin Baffa. Ya ce to, ya shanye zoɓonsa, ya tafi kafin magariba.

Talata da na idar da sallar asuba ban taɓa kwamfuta ba. Takardar da ya yago min na ɗauko, na juya bayanta na rubuta sabon tsari da Hausa, shafi ɗaya tak. Da hantsi Mama Abike ta shigo da ɗaurin kanta mai fuka-fuki, ta zauna kan turmi. Inna tana gefe a kan tabarma, zane da riga na gida, ta ba mu baya tana tsince wake a faifai.

Na ce a raina, in Inna ta iya aika magana ta hannun Mama Abike, ai ni ma jininta ce.

"Mama, in karanta miki wani abu ki ji?"

"Karanta, 'yata. In da Turanci ne dai ki bari in sha ruwa tukuna."

"Da Hausa ne."

"To, an fara hankali."

Na karanta da ƙarfi. Ban ɓoye burina ba, na ce ina so a san ni, ina so cinikina ya ƙaru. Sai na zo kan layin da jiya na kasa faɗa: ina so kada wata mace ta sake buɗe buhunta ta tarar da gari don kawai ba wanda ya faɗa mata. Sannan na karanta mai karatuna. Mace ce 'yar shekara ashirin da biyar, a wani ƙauye tsakanin Maska da Dandume. Mijinta ya rasu da kaka. Tana da yara huɗu da buhu huɗu na wake, ba ta da wanda za ta tambaya. Bokonta bai yi nisa ba, don haka karanta mata za a yi, ko ta saurara a waya tana tankaɗe. Saboda ita, littafin da Hausa zai fito, kuma kowane babi zai ƙare kafin ruwan tuwo ya tafasa.

Ƙarar wake a faifai ta tsaya. Na kasa ɗago kai. Mama Abike ta shiga murza zoben hannunta.

Can Inna ta ci gaba da tsintarta, ta yi magana ba ta juyo ba.

"Abike, ki ce wa masu rubutu buhu biyar ne, ba huɗu ba. Na biyar ɗin igiyar ɗinki ce ta ƙare min, ya ƙara kwana biyu a shanya. Shi kaɗai ya tsira. Daga shi na koya. In za a rubuta, da wannan za a fara."

Na rubuta a gefen takardar: babi na ɗaya, buhu na biyar.

Da na ga ƙofa ta buɗe, sai na ƙarasa. "Mama, malamin gona ya ce zai je wurin Baffa ya roƙi a ɗaga maganar Juma'a zuwa bayan bazara, don ya sami lokacin yin tambayoyi."

Mama Abike ta riƙe haɓa. "Shi da kansa ya ce a ɗaga? Ƙawata, kin ji wani yaro?"

"Na ji," in ji Inna. Ta kaɗa faifan, ta hure ƙaiƙayi. "Abike, ba a mai da dattawa sau uku, ba a gidan nan ba. Abin da na sani bai fi na kwana uku ba in mai tambaya ya iya tambaya, shi kuwa ya iya. A ce wa malamin gona ya zo yau, ya zo gobe, ya zo jibi, ya taho da wayarsa. Ya tambayi duk abin da zai tambaya, kada ya rage. Daga Juma'a ba zai ƙara ganin fuskata ba."

"Yo ƙawata, ai yarinyar ba ta ba da amsa ba tukuna."

"Ni ban ce ta bayar ba."

Ta juye waken a kwano, ta miƙe, ta shige ɗaki ta saki labule.

Na zauna a wurin kamar an dasa ni. Ban faɗa wa kowa amsata ba, ko ni kaina sai jiya na san ta, amma matar da ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba ta riga ni faɗa. Sai kuma wani abu ya biyo baya ya danne farin cikin. Shekara goma sha tara Inna tana wannan sana'a, mutane na kawo mata buhu suna tafiya da buhu. Mutum ɗaya ne ya taɓa zama ya ce ta koya masa, ya yi musu da ita, ya rubuta maganarta a littafi. Shi ne za ta rufe wa fuska har ƙarshen rayuwarta, kuma ita da bakinta ta yanka ranar, don kada in jira bazara. Na kifa kai a cinyar Mama Abike na yi kukan da ba zan iya yi a cinyar uwata ba.

Da na natsu na ɗauko waya.

"Kada ka je wurin Baffa. Inna ta ce ka zo yau bayan la'asar da wayarka. Kwana uku ta ba ka, yau da gobe da jibi."

Nan take ya buɗe. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa, ta sake ɓacewa. Mutumin da jiya ya tsare ni da tambayoyi ba ko gargada, yau ya kasa haɗa layi ɗaya. Da ƙyar ya turo:

"Kwana uku. Kulu, Inna ce ta ƙirga, ko ke?"

Daga cikin ɗaki na ji muryar Inna. "Abike, a ce a share zaure, a shimfiɗa sabuwar tabarmar nan. A sauko min da buhu ɗaya daga sama, da shi zan nuna masa."

Na goge fuskar wayar da bakin zanena, na rubuta, na tura kafin tsoro ya dawo:

"Ita ta ƙirga. Ni kuma ban ce ta yi kuskure ba."